Tabarmar Ɗan Fari

Lahadi, 13 ga Yuni, 1954

Mun dawo Tudun Wada daga Bebeji da yamma liƙis, ni da ƙanena Inuwa. An raba abin da mahaifiyarmu Iya ta bari, Allah ya ji ƙanta: tukwane, zannuwa, tunkiya da ɗanta. Sai kuma yaron. Shi ma yana cikin abin da ta bari, kuma shi kaɗai ne ba a yi gardamar wanda zai ɗauka ba.

Tun da aka yaye shi yake hannunta, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Yanzu yana cikin shekara ta goma sha biyu. Sunan mahaifina gare shi, saboda haka ni da kiran sunansa sai dai a lahira. Can Ɗantani suke ce masa. Inuwa ne ya goyo shi a keke, ni na yi gaba. Da muka tsaya shan ruwa a Dangora na saci kallonsa. Ya yi tsawo, kuma kunnuwana ya ɗauko, abin da ba zai gode mini ba.

Da muka shiga gida uwarsa, matata Saudatu, ta ja mayafi ta shige ɗaki kamar an yi baƙon namiji. Daidai ne. Mutanen garinsu Doguwa sun fi mu riƙe kunyar ɗan fari. Furera matar Inuwa ce ta zuba masa tuwo.

Na ce wa Inuwa ya ji da shi, duk abin da ya ga ya dace ya yi. An yi masa shimfiɗa a ɗakin samari na jikin zaure, tare da Habu ɗan Inuwa da yaran maƙwabta.

Talata, 15 ga Yuni

Ruwa ya sauka sosai. Mun fara dashen dalbejiya a bakin hanyar kasuwa. Awaki za su cinye rabi, yara su karya rabi, amma ofishin daji ya ce a dasa, ni kuwa malamin daji ne, sai a dasa.

Juma'a, 18 ga Yuni

Kullum da safe yana durƙusawa a bakin zaure ya gaishe ni. Ina amsawa da kai. Ba ya kallona, ba na kallonsa. Mun iya abin mu biyu kamar mun daɗe muna yi.

Litinin, 21 ga Yuni

Inuwa ya same ni ina goge keke, ya tsuguna, ya yi ta zagaye-zagaye, abin da ba halinsa ba ne. Can ya ce, "Yaya, yaron nan fa fitsarin kwance yake yi."

Habu ne ya kai ƙara, wai zarni ya hana su barci. Da aka bincika sai aka tarar da tabarmarsa a naɗe a ƙarƙashin rumbu, jiƙe sharkaf. Ashe tun daren farko yake yi. Yana tashi kafin kowa ya ɓoye ta, da dare ya ɗauko ya kwanta a kai haka nan. Da rani ne da ya daɗe ba a gane ba, amma tabarma ba ta bushewa da damina.

Iya ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Duk zuwan da nake yi Bebeji sai ta ce lafiya lau, ya kai izu kaza, ya iya kaza.

Na ce wa Inuwa, "To." Na ci gaba da goge keke. Na ji haushi ƙwarai, amma ban tantance haushin wa nake ji ba.

Laraba, 23 ga Yuni

Inuwa ya kafa doka: daga la'asar ba ruwa, ba fura, ba kunu. Ya kuma karɓo rubutu wurin malamin unguwa, shi kuma ya ce a sha da za a kwanta, ƙwarya cike. Inuwa da Furera suka kwashe yamma suna musu a kan ko rubutu ruwa ne. Ita ta ce duk abin da ya shiga ta maƙogwaro zai nemi hanyar fita. Shi ya ce ta yi istigfari.

Ban sa baki ba.

Asabar, 26 ga Yuni

Tabarma a kan danga. Babu rana.

Alhamis, 1 ga Yuli

Na je Burumburum a kan maganar ƙiryar da aka sare ba izini. Mai unguwa ya rantse iska ce ta kayar da ita. Iskar can har gatari gare ta, har ta sassaƙa turmi biyu.

Na dawo na tarar Inuwa ya kai yaron bayan gari da sassafe ya yi fitsari a kan shuri, wai an ce magani ne. Abin da aka samu shi ne cizon gara a ƙafa.

Talata, 6 ga Yuli

Samarin sun ja tabarmarsa sun kai bakin ƙofa, inda feshin ruwa ke shigowa.

Da Saudatu ta kawo mini abinci ba ta fita nan da nan ba. Ta tsaya tana gyara murfin akushi wanda ba abin da ya same shi, ta ce wa bango wai ta ji yara sun fara sa wa wani suna a bakin rijiya. Wani take ce masa. Na ce yara ne, za su gaji. Ta ce haka ne, ta fita.

Lahadi, 11 ga Yuli

Inuwa ya yanke magana. In aka yi Babbar Sallah bai daina ba, za a yi masa abin da ake yi wa amalala. A tuɓe shi sai bante, a shafa masa toka, a ɗaura masa kwaɗo mai rai a ƙugu, a aza masa jiƙaƙƙiyar tabarmar a ka, yara su bi shi da waƙa da kiɗan gwangwani unguwa-unguwa. Ya ce kunya ce kaɗai ke ɗaure marar yaro, kuma bai taɓa ganin wanda aka yi wa bai daina ba.

Mai yiwuwa. Muna yara an yi wa wani a Bebeji. Ko ya daina ko bai daina ba, matarsa ce ta sani. Abin da na sani shi ne, yau mutumin da gemunsa da surukansa, in baƙo ya tambayi gidansa da sunan yanka ba wanda zai gane. Sai ya ce gidan Amalala, nan take a nuna masa.

Inuwa ya tsaya yana jiran abin da zan ce. Na ce masa shi ne ubansa, abin da ya gani shi ke nan. Ya ji daɗin maganar.

Alhamis, 15 ga Yuli

Leɓensa ya tsattsage, a tsakiyar damina. Da safe na gan shi ya kafa kai a randa yana sha kamar jakin da ya dawo daga fatauci.

Ya daina kwanciya ma, in ji Furera. Zama yake yi ya jingina da bango don kada barci ya ɗauke shi, amma kafin gari ya waye ya ɗauke shi ɗin, abin ya faru. Da rana sai gyangyaɗi. Yau a gona an same shi yana barci a tsaye ya dogara da fartanya, Inuwa ya zane shi da suka dawo. Ina zaure ina jin saukar tsumagiya. Bai yi kuka da ƙarfi ba.

Na so in rubuta rahoton dashe, na kasa. Ina jin zazzaɓin damina ne ke son kama ni.

Litinin, 19 ga Yuli

An aiko in je a share iyakar gandun daji ta wajen Falgore, ciyawa ta rufe alamun. Mamman da ke ɗaukar mini kaya yana kwance da kurkunu a ƙafa. Na ce wa Inuwa ya ba ni aron yaron nan ya riƙe mini tabarma da buta.

Ya ce zai ba ni kunya a gidan mutane. Na ce aikin hukumar En'e ba ya jiran ƙafar Mamman. Akwai leburori da yawa da za su so tafiyar, na sani, amma duk surutu gare su.

Laraba, 21 ga Yuli

Falgore. Hanya duk taɓo, mun fi tura keke fiye da hawansa. Yana bayana, bai yi ƙorafi ba. Ƙafa gare shi.

Rafi ya kawo, ba mu iya hayewa zuwa masauki ba, sai muka sauka a rugar Buba, wani Bafulatani da muka daɗe muna ɓoye-ɓoye da shi a kan shiga gandu da shanu. Ya ba mu bukka ɗaya. Ban taɓa kwana ɗaki ɗaya da yaron ba sai jiya. Da asuba na tarar da shi zaune ya jingina da ginshiƙin bukka, idanu jawur. Tabarmarsa a bushe, don ko warware ta bai yi ba.

Alhamis, 22 ga Yuli

Da yamma Hasana matar Buba ta kawo masa nono mai ɗumi. Ya ce ya ƙoshi. Ta ce a rugarsu ba a mayar da ƙwarya cike. Ya riƙe ƙwaryar yana kallon ciki, sai hawaye. Ni ina gefe ina ɗinke maɗaurin takalmina, na ba su baya.

Buba ba shi da kunyar ɗan wani, sai ya zauna kusa da shi ya yi ta tambaya a hankali, irin yadda suke lallashin maraƙi. Yaron ya faɗa masa dokar ruwa, da dalilinta, da maganar kwaɗo. Ashe ya san da ita. Buba ya tambaye shi, to a Bebeji yaya ake yi?

Yaron ya ce, "Iya takan tashe ni in zakara ya yi cara ta fari. Ta riƙe hannuna har bayan gida, don ina tsoron duhu. In ta tashe ni ba na yi, sai jefi-jefi."

Buba ya ce to yanzu fa?

"Yanzu ma tana zuwa. Sai in ga ta tashe ni, ta kai ni, ta ce yi mana Ɗantani, sanyi nake ji. Sai in yi. Sai in farka in ga ba ta nan."

Can Buba ya ce ai wannan ba shi da wuya, sai a sami mai tashinsa. Ya dubi inda nake, ya kuma kau da kai da sauri. Shi ma yana da nasa ɗan farin a wata ruga, ya san yadda abin yake. Ya dai sa yaron ya shanye nonon.

Kusan wata guda ana ba shi rubutu, ana hana shi ruwa, ana kai shi shuri, ba wanda ya tambaye shi komai. Inuwa ba mai tambaya ba ne. Mu biyun da za mu tambaya kuwa, ni da uwarsa, ba ma yi masa magana.

Ranar da aka binne Iya ban yi kuka ba, ni ne babba, jama'a na kallo. Yau kewarta ta kama ni har na soke yatsana da basilla ban ji ba.

Juma'a, 23 ga Yuli

Zakaran Buba ya yi cara, na tashi, dama ina da niyyar nafila. Tun da na riga na tashi, sai na taɓa ƙafarsa da sandata. Ya miƙe ido a rufe, ya miƙo hannu cikin duhu yana laluba. Na miƙa masa bakin sandar, ya kama. Haka muka je bayan garke muka dawo, ni a gaba, shi a ƙarshen sanda. Ya koma ya kwanta, ina jin bai ma san an yi ba.

Tabarma a bushe.

Lahadi, 25 ga Yuli

Jiya gajiya ta sa na makara, aka jiƙa. Ya kai ta rafi ya wanke, ni kuma na ga akwai wani itacen doka da ya kamata in duba a wancan gefen. Yau a bushe.

Ya yi barci sosai kwanakin nan, har fuskarsa ta ɗan cika. Da rana na ji yana tambayar wani lebura sunan wani itace, marke ne. Leburan ya faɗa masa ba daidai ba. Ban gyara ba, abin yana cina har yamma.

Laraba, 28 ga Yuli

Gida. Na faɗa wa Inuwa dabarar a tsakar gida, na ce maganin Fulani ne Buba ya ba ni, a riƙa tashinsa da carar zakara ta fari a raka shi. Inuwa ba wawa ba ne. Ya ce wannan ai ba maganin Fulani ba ne, shagwaɓar Iya ce, kuma ita ta kai mu inda muke. Ƙato kamar wannan a riƙa raka shi bayan gida? Duk da haka ya ce zai gwada, don ni.

Inuwa kuwa in ya kwanta, ko rumbu aka ɗauke da shi a ciki sai da safe zai ji labari. Ya ɗora wa Habu aikin. Habu ɗan ubansa ne.

Asabar, 31 ga Yuli

Na tsaya a bayan tagar ɗakin samari da carar zakara na yi tari. Na sake yi. Ɗan maƙwabta ya farka, akuya ta farka, shi bai motsa ba.

A daji abin ba wuya, daga ni sai shi sai shanu. Nan kuwa in na sa ƙafa a ɗakin nan, kafin hantsi duk Tudun Wada ta ji cewa Malam Sani yana renon ɗan farinsa da hannunsa. A ofis ma sai an ji. Mutum ya shekara yana tara mutunci.

Tabarma a kan danga.

Laraba, 4 ga Agusta

Da zakara ya yi cara na fito, sai na yi kiciɓis da Saudatu a ƙofar zaure ta ciki, riƙe da fitila ta kare ta da gefen zane. Ta ce kaji ta ji suna motsi, ta zo dubawa ko muzuru ne. Akurkin kaji yana can ƙuryar gida. Na ce ni hadari na fito dubawa. Muka ɗan tsaya. Daga nan kowa ya koma ɗakinsa, ba wanda ya ƙarasa ƙofar.

Talata, 10 ga Agusta

Babbar Sallah. Ragon bana ba laifi. Yaron ne ya riƙe ƙafa da ake fiɗa. Yaran unguwa sun cika gidan karɓar nama, suna zungurin juna suna kallonsa.

Habu ya kama wani ƙaton kwaɗo tun jiya yana kiwonsa a tsohuwar tukunya, har fara yake kama masa.

Juma'a, 13 ga Agusta

Bayan isha Inuwa ya ce mini, "Gobe ne, Yaya. In kana da wurin zuwa, ka tafi da wuri." Don ya sauƙaƙa mini ya faɗa, na sani. Na ce dama ina da aiki a Burumburum.

Asabar, 14 ga Agusta

Na fita ana idar da sallar asuba. Na isa rafin bayan gari na tarar ya kawo. Gaskiya na sha haye wanda ya fi shi da keke a kafaɗa. Na tsaya ina kallon ruwan har gari ya yi haske sosai, sai na fara jiyo kiɗan gwangwani daga wajen unguwarmu. Na ce bari in koma in jira ruwa ya janye.

Ƙofar gidana cike da yara, wasu ma ba na unguwar ba ne. Mata sun jeru a bayan danga suna leƙe. Dattawa biyu uku suna zaune a dakalin maƙwabcinmu Malam Shitu kamar masu shan hantsi. An fito da shi daga shi sai bante, an shafe shi da toka har fuska, tabarmar tana kansa tana ɗiga a kafaɗarsa. Habu yana tsugune yana ƙulla igiyar kwaɗon a ƙugunsa. Ba su fara tafiya ba, ana dai gwada waƙar.

Ba kuka yake ba. Ƙasa yake kallo. Da ya ga tayar kekena ta tsaya a gabansa, sai ya durƙusa da tabarmar a ka, ya gaishe ni, kamar yadda yake yi kowace safiya.

Na ce a kwance masa.

Inuwa ya matso ya rage murya. "Yaya, ka wuce ciki. Wannan ba na idonka ba ne."

Na sake cewa a kwance masa.

"Kai ka ce in ji da shi. Kai ka ce ni ne ubansa."

"Na faɗa. Yau na karɓa."

Kiɗan ya tsaya. Malam Shitu ya yi gyaran murya daga dakali, ya ce cikin lumana, irin ta mai tuna wa mutum ya manta hularsa, "Malam Sani, ɗan fari ne fa."

Na ce, "Na sani, Malam. Ɗana ne."

Ban taɓa faɗin kalmar nan ba, ko a ɗaki, ko a takardar nan. Ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so, har bayan danga. Wata mata ta yi salati, wata ta tuntsire da dariya, sauran suka kama. Habu ya yi wa igiyar ƙullin da ba ya kwantuwa, dole na tsuguna a gaban jama'a na sa haƙori. Kwaɗon ya yi tsalle ya shige lambatu, wasu yara suka bi shi, tun da shi ne ya rage abin kallo. Na sauke tabarmar na rataya a keke, ta jiƙa mini riga. Na kama hannun yaron muka shiga gida.

Kunyar da na ji, ban taɓa jin irinta ba. Har yanzu kunnuwana zafi suke yi. Saudatu ta ɗora ruwan wanka ba wanda ya sa ta, ta aje a bayan gida ta shige ɗaki.

Ban je Burumburum ba.

Lahadi, 15 ga Agusta

Inuwa bai fito cin abinci zaure ba, an kai masa ɗaki. Yana da gaskiyarsa. Ni na aza masa kayan, ya ɗauka yadda ya iya, na zo na sauke shi a gaban 'ya'yansa da matan unguwa.

Talata, 17 ga Agusta

Ɗakin samari yana yoyo, ta gefen da yake kwana. Na sa an dawo da tabarmarsa turakata kafin a gyara rufin.

Na soke dokar ruwa.

Alhamis, 19 ga Agusta

Na sami Inuwa a gona na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke da komai a ciki. Ya ce in dai ya kai shekara ashirin ina raka shi bayan gida, kada in neme shi. Na ce to. Mun ɗan yi cirar ciyawa tare kafin in tafi.

Laraba, 25 ga Agusta

Furar da Saudatu ke aiko mini da yamma ta ƙaru, har ludayi biyu ake sakowa. Na tambaya, ta ce in sha, in na rage in ba wani. Fitilata ma kullum a cike da mai nake samunta.

Wasu safiyoyin a bushe, wasu a jiƙe. Na bushewar sun fi yawa.

Litinin, 30 ga Agusta

Labari ya kai ofis. Babban malamin daji ya tambaye ni lafiyar iyali, ya ja maganar fiye da kima, magatakarda yana rufe baki da takarda. Na ce lafiya lau, na miƙa rahoto.

Sandar nan ban san inda na aje ta ba. Ban nema ba tukuna.

Asabar, 4 ga Satumba

Jiya da zakara ya yi cara na tarar ya riga ni farkawa, yana zaune yana jira. Har yanzu ba ya iya fita shi kaɗai. Ya ce Iya ta rage zuwa. Bai faɗa da murna ba. Ban san abin da ake cewa ba, sai na ce mu yi mata addu'a, muka yi.

A hanyar dawowa na gaya masa itacen nan na Falgore marke ne, ba abin da leburan ya ce ba.

Juma'a, 17 ga Satumba

Gero ya nuna, an fara karya. Inuwa ya dawo cin abinci zaure tun shekaranjiya. Rufin ɗakin samari ba a gyara ba har yau, ban samu sukunin kiran mai yi ba.

Yau an jiƙa, bayan an daɗe ba a yi ba. Muka ɗauraye ta mu biyu, ya kama gefe na kama gefe, muka shanya a bayan rumbu. Akwai rana yanzu.

Yaran gari sun bar maganar tabarma, sun sami wadda ta fi ta daɗi. In na wuce a keke sai su biyo ni suna kiran Baban Ɗantani, masu tallan fura ma sun ɗauka. Ba a kiran mutum da ɗan farinsa, shi ya sa suke yi. Shi kuwa yana zuwa rijiya tare da Habu ba mai ce masa komai. Su yi ta yi, za su gaji, ko kuma ba za su gaji ba.

Da aka fito masallaci, jama'a ba su watse ba, Malam Shitu ya ɗaga murya daga nesa don a yi dariya, ya ce, "Baban Ɗantani!" Na juya na ce na'am kafin in tuna ba sunana ba ne. Suka yi dariyarsu har da tafawa.

Yana bayana riƙe da buzuna. Ban waiwaya ba, amma na ji ya matso kusa.